Farin Ƙyalle a Tagar Nahum

Akwai halin da ya fi rowa muni, shi ne mutum ya ga maƙwabcinsa cikin wahala, ya gane sarai wahala ce, amma ya ɗauke ta ya kai bainar jama'a don a yaba masa. Halin da ya ci Kalilu ke nan a Kuala Lumpur, a shekara ta biyu ta korona.

Kalilu ɗan Rigasa ne ta Kaduna. Malami ne a wata kwaleji, gwamnati ta turo shi Malesiya ya yi digiri na uku a kan yadda hukumomi ke yaƙi da ta'addanci. Ya zo da matarsa Hajjo da 'yarsu Zuhra, suka kama gida a hawa na tara na wani dogon bene a unguwar Setapak. Karatu ya zo ƙarshe. Kundin bincikensa ya kammala, abin da ya rage kawai ya zauna gaban malamai ta kwamfuta ya kare shi, kuma an sa masa watan Agusta.

Sai dai akwai ƙulli guda. Shekarun da aka ɗiba masa sun wuce, bizarsa ta karatu ta ƙare, takardar da masu ɗaukar nauyinsa za su aiko a sabunta ta maƙale a gida, ofisoshi duk a rufe. Ya kai kukansa wurin Alhaji Maitama, wani dattijo mai sarin atamfa da shadda a titin Jalan Tuanku Abdul Rahman, wanda 'yan Arewa ke kai wa damuwarsu. Alhaji ya ce masa, "Malam Kalilu, ka lafe. Kada ka yi tari mai ƙarfi har Agusta. In ka kare kundinka, sai a nemo maka izinin fita cikin mutunci."

Kalilu ya ce to.

Ƙofar da ke kallon tasa ta Nahum ce, mutumin Kagoro wanda ya tashi a Sabon Tasha. A Kaduna kogi ne tsakanin unguwanninsu, ba wanda ke ƙetarewa sai da dalili. A nan kuwa taku uku ne. Nahum yana koyar da lissafi a wata ƙaramar kwaleji, matarsa Mabel tana kitso, suna da 'ya ɗaya, Shekinah, sa'ar Zuhra. Shekaru suna zaune lafiya. Da Sallah Hajjo ta kai musu tuwon shinkafa da miyar taushe, da Kirsimeti Mabel ta kawo dafa-duka da kazar da ta sa Kalilu ya yanka da hannunsa. Nahum yana ce masa Dakta tun bai zama ba, shi kuma yana ce masa Fasto, alhali ko cikin mawaƙan coci Nahum bai taɓa shiga ba.

A ƙarshen azumin shekarar nan yaƙi ya ɓarke a Gaza. Mutane suna kulle a gida, ba masallaci, ba kasuwa, ba komai a hannu sai waya. Akwai wani guruf na hira a waya na 'yan Arewa mazauna Setapak, wanda aka buɗe don cigiyar gida da sayar da daddawa. Cikin kwana biyu ya koma filin daga. Hotunan yara a ƙarƙashin gini suna shigowa ba ƙaƙƙautawa, Kalilu yana gani har abinci ya daina shiga masa. Baƙin cikinsa na gaskiya ne, wannan kam ba a ɗauke masa ba. Amma tun da aka fara ce masa, "Dakta, kai ne masani, yi mana bayani," sai abin ya fara yi masa daɗi ta wani gefen. Ya dinga sakin sauti masu tsawo, yana jero shekaru da sunayen yarjejeniyoyi.

Nahum bai ce uffan ba sai rana ɗaya. Ya rubuta, "Allah ya jiƙan yaran nan. Amma bara da aka shiga ƙauyen mahaifiyata aka kashe mutane, na sa a guruf ɗin nan, mutum biyu ne suka ce min sannu."

Kalilu ya mayar masa nan take. "Fasto, kada ka kawo mana rikicin ƙauye cikin maganar duniya. Ai mun san inda zuciyarku take. Kowace shekara kuna layin zuwa Isra'ila."

"Urushalima muke zuwa, Dakta, ba barikin soja ba."

"Kuɗinku dai a aljihun wa yake faɗawa?"

Mutane suka shigo, wannan ya zagi wancan, aka tono Zangon Kataf, aka tono shekarar shari'a, aka tono gawarwakin da kowa ya baro a gida. Kafin la'asar Nahum ya fita daga guruf ɗin. Ranar Sallah Hajjo ta zuba abinci a kula za ta miƙa musu, Kalilu ya tsaya a bakin ƙofa.

"Ina za ki?"

"Gidan Maman Shekinah mana."

"Mayar da shi."

"Baban Zuhra, abincin Sallah ne fa."

"Na ce ki mayar."

Ta mayar. Daga ranar aka daina gaisawa. In sun haɗu a matakala, takunkumin fuska ya rufa musu asiri, kowa ya yi kamar bai gane kowa ba. Zuhra ta gaji da tambayar yaushe za ta je wasa wurin Shekinah, ta daina.

Yaƙin ya lafa, amma cutar ba ta lafa ba. Aka ƙara tsaurara dokar kulle. Kwalejin su Nahum ta sallami malamai baƙi, kitso kuma ba mai zuwa. Kalilu bai san wannan ba, don shi ya toshe hanyar da labarin zai biyo. Su ma nasu gidan ba daɗi. Kullum jiniyar motar asibiti, kullum lissafin waɗanda suka mutu a talabijin, kullum zama ɗaya, bango ɗaya. Kowa ya gaji har gajiyar ta daina ciwo.

A lokacin ne mutanen ƙasar suka fito da wata dabara. Duk gidan da abinci ya ƙare, kuma kunya ta hana su roƙo, sai su rataya farin ƙyalle a taga. Wanda ya gani ya san ma'anarsa, ya kawo shinkafa da ƙwai ya ajiye a bakin ƙofa ya tafi, ba tambaya. A benen su Kalilu ma an rataya a wurare da dama, wani tawul, wani tsohuwar riga.

Wata safiya Kalilu ya dawo daga kedai, wato ɗan kantin da ke ƙasan bene, da ledar burodi a hannu. Ya ɗaga kai kamar yadda ya saba, sai ya hango farin ƙyalle a hawa na tara, ɗaure a sandar tsintsiya. Tagar Nahum ce. Ƙyallen fari ne, amma da ratsin shuɗi a gefe da gefe, ga wani rubutu na Ibrananci a bakinsa. Iska ta buɗe shi, ratsin nan biyu suka miƙe, ɗaya sama ɗaya ƙasa.

Kalilu ya san ƙyallen. Ya taɓa ganinsa a kan teburin Mabel ranar wata Kirsimeti, har ta ba su labari cewa mayafin addu'a ne, mahaifiyarta ta sayo shi da ta je ziyara Urushalima, ta ba ta da za ta taho. Ba ta barin yara su taɓa shi. Ya kuma san abin da farin ƙyalle a taga ke nufi, shi da ya yi ta yi wa mutanen gida bayaninsa a waya. In har Mabel ta yarda aka ɗaura wannan a sandar tsintsiya, to ba wani farin abu a gidan, kuma ba komai a tukunya. Duk wannan ya zo masa a zuciya kafin ya ajiye ledar burodi a ƙasa.

Amma ya ajiye ta. Ya ciro waya, ya ja baya, ya jira iska ta sake buɗe ƙyallen, ya ɗauka. A hoton ba a ganin sandar tsintsiya sosai.

A cikin lif ya rubuta, da Turanci da 'yar Malay ɗin da ya iya: "Jinin yaran Gaza bai bushe ba, ga tutar Isra'ila tana kaɗawa a Setapak." Ya sa sunan benen. Ya sa hawan. Ya saki a shafinsa na intanet, inda sunansa da hotonsa da sunan karatunsa suke a sama ɓaro-ɓaro.

Da ya nuna wa Hajjo, ta daɗe tana kallo.

"Wannan ai mayafin Maman Shekinah ne."

"Ki dubi kalarsa."

"Na ga kalarsa. Yunwa ce, Baban Zuhra. Wallahi yunwa ce, kai ma ka sani."

"In yunwa ce, ya rasa farar singileti ne? Da gangan ya yi. Saƙo ne yake aiko min."

"Wane saƙo? Mutum da 'yarsa ba su ci ba, kai ne a ransa?"

"Ke ba ki san yadda waɗannan abubuwan suke aiki ba. Ni fannina ne."

Hajjo ta shiga kicin ta ɗebi shinkafa a leda, ta haɗa da man gyaɗa da ƙwai, ta wuce ta gabansa ta buɗe ƙofa. Wannan karon bai tare ta ba, don idonsa na kan waya. Hoton ya fara tafiya.

Ya yi tafiya kuwa. A ƙasar da fasfonta ma bai yarda a je Isra'ila ba, irin wannan hoto ba ya kwana. Kafin azahar mutanen da bai taɓa sani ba suna ta yaɗawa. Ana ce masa jarumi, ana ce masa ɗan'uwa daga Afirka mai kishi. Wani ya tambaye shi ko zai yi magana a wani zama ta kwamfuta. Rabon da Kalilu ya ji shi mutum ne tun kafin kulle. Ya zauna a kujera yana amsa kowa, shayinsa ya huce bai sha ba.

Da yamma Alhaji Maitama ya kira.

"Malam Kalilu, me na ce maka?"

"Alhaji, maganar addini ce. Ba a shiru."

"Addini? Ka ƙwanƙwasa masa ƙofa ka tambaye shi?"

"Ai abin a fili yake."

"Ni na yi shekaru a garin nan ina sayar da ƙyalle, na san tuta, na san mayafi. Yaron nan na kira shi, muryarsa ma ba ta fita. Ka goge abin nan yanzu. Kuma kai da ko tari na ce kada ka yi, ka hau bene kana kiran hukuma da sunan gidanku?"

"Su ai ba ni za su nema ba."

"To. Allah ya kyauta."

Kalilu ya ce zai goge. Ya duba, ya ga adadin masu yaɗawa yana ta hawa, ya ce bari ya bari zuwa gobe. Da gobe ta yi ya goge, amma a lokacin hoton ya riga ya zama na kowa. Wasu ma sun ƙara masa tauraro a tsakiya, irin na tutar Isra'ila.

Nahum ya sauke ƙyallen tun ranar, da Hajjo ta gaya musu. Bai hana komai ba. Samari a kan babura suka fara tsayawa a ƙasan bene suna nuna hawa na tara. Wani ya hau ya watsa jan fenti a ƙofarsa. Kalilu yana jin kukan Shekinah ta bango, sai ya ƙara ƙarar fanka.

Rana ta uku da hantsi motoci suka tsaya a ƙasa. 'Yan sanda ne, tare da jami'an shige da fice, tunda maganar ta shafi baƙi. Kalilu ya leƙa ta ramin ƙofa ya ga sun shiga gidan Nahum. Ba su rufe ƙofa ba, saboda cutar. Ya ga Mabel ta miƙo mayafin a ninke. Babban cikinsu ya warware shi, ya juya gaba da baya, ya ga gezar da ke bakinsa. Ya shiga kicin ya buɗe firji, ya daɗe a tsaye, ya rufe. Ya karɓi fasfo ɗinsu ya duba, komai daidai, don bizar Nahum ba ta ƙare ba tukuna. Ya mayar wa Mabel mayafinta ya ce ta adana shi a akwati, in suna bukata su rataya tawul. Shi ma muryarsa ta mai gajiya ce.

Sannan ya juyo ya ƙwanƙwasa ƙofar Kalilu.

"Kai ne ka sa hoton?"

"Ni ne, ranka ya daɗe." Har ya fara gyara tsayuwa. Ya ce shi ɗalibin digiri na uku ne a fannin tsaro, ya ga abin da ya dace a sanar ne.

"Za mu ɗauki bayaninka. Kawo fasfo."

Shi da ya rubuta babi guda a kan yadda jami'an tsaro in sun shigo unguwa ba sa tsayawa a ƙofa ɗaya, bai taɓa kawo wa ransa cewa tasa ƙofar ce ta fi kusa ba. Ya ce fasfon yana makaranta. Jami'in ya ce ba komai, ya faɗi lambar. Hajjo ta tsaya a bayansa riƙe da Zuhra. Ya juya ya dube ta, ta sunkuyar da kai. Ya shiga ɗaki ya ɗauko.

Jami'in shige da fice ya buɗe, ya duba kwanan wata, ya ɗaga kai ya dube shi, ya sake dubawa. Kalilu ya fara bayanin takardar da ta maƙale, da ofisoshin da ke rufe, da watan Agusta. Mutumin ya saurara har ƙarshe, ya ce duk wannan sai a can ofis. Hajjo da yarinya aka bar su a gida, aka ce kada su je ko'ina. Shi aka ce ya sa takalmi.

Tunda sun riga sun hau, sai suka bi sauran ƙofofin. Aka sauko da wasu 'yan Najeriya daga hawa na shida, da wani tela ɗan Bangaladash, duk waɗanda suka lafe kamar yadda aka ce Kalilu ya lafe. Suna jere a baranda suna kallonsa. Ba wanda ya zage shi, ba su da ƙarfin zagi.

Nahum yana tsaye a bakin ƙofarsa mai jan fenti. Ya rame har wuyan rigarsa ya yi masa yawa. Kalilu ya so ya wuce bai dube shi ba, amma wurin ya yi ƙunci.

"Dakta," in ji Nahum a hankali. "Taku uku ne fa. Da ka ƙwanƙwasa."

Aka tura Kalilu cikin lif.

A wurin da ake tsare baƙi mutane sun yi yawa, iska ta yi kaɗan. Bai daɗe ba zazzaɓi ya kama shi, aka gwada aka ce korona ce, aka ware shi. Yana kwance yana jan numfashi da ƙyar watan Agusta ya shigo ya wuce. Makaranta ta aiko a ji dalilin da ya sa bai kare kundinsa ba, ta samu labarin yana hannun hukuma, ga kuma maganar hoton ƙarya da ya tayar da hankalin unguwa, wadda ita ma sai da ya amsa tambayoyi a kanta. Aka dakatar da shi. Waɗanda suka ce masa jarumi ba wanda ya neme shi. Sun koma kan wani hoton.

Alhaji Maitama ne ya yi ta zirga-zirga, da tsufansa da ciwon ƙafarsa, har aka yarda a mayar da su gida. Nahum kuwa bai iya zama a benen ba, don ko kanti ya sauka sai an nuna shi. Suka tattara suka koma ɗaki ɗaya a unguwar Cheras wurin wani ɗan cocinsu. Ranar da Hajjo ke ɗaure kaya, Mabel ta zo ita kaɗai ta taya ta. Ba su yi maganar komai ba sai ta tukwane, wanne za a bari, wanne za a ɗauka. Da za ta tafi ta dawo wa Hajjo da ledar da aka kai musu shinkafa, a wanke, a ninke.

A filin jirgi aka kawo Kalilu ya haɗu da iyalinsa. Zuhra ta ɓuya a bayan uwarta, don ba ta gane shi ba. A cikin jirgi ya ce, "Hajjo, ni fa don yaran nan na yi." Ta gyara wa Zuhra bargo, ta ce, "Sha ruwa, tarinka ya dawo."

Ga abin da Kalilu ya rasa. Ya rasa digirin da ya rage masa zama ɗaya ya karɓa, da duk shekarun da ya zuba a cikinsa. Ya rasa izinin komawa ƙasar, don an buga masa hatimin hani a fasfo. Ya rasa kujerarsa a kwalejin da yake koyarwa, tunda ya dawo hannu rabbana. Ya rasa ƙarfin ƙirjinsa, har yau ba ya hawa bene sai ya huta. Ya rasa maƙwabcin da ke kawo masa kaza ya yanka. Ya rasa kallon da matarsa ke yi masa da. Mutanen hawa na shida da telan nan, su ma ta dalilinsa aka kwashe su, wannan yana wuyansa. Yaran Gaza kuwa, ko loma ɗaya ba ta isa bakinsu ta hanyarsa ba.